Babi na Shida: Gina wa Gizo da Ƙoƙi Gida

Bayan girbi kara yana ko'ina a ƙauyukan Bauchi, saboda haka yanzu ne lokacin wannan aiki. Za ku zauna da yara ku gina ɗan ƙaramin gida, tsayinsa kamar tafin hannu, na Gizo da Ƙoƙi na cikin tatsuniya.

Darasi na 1: Kwaɓi

Ku auna yumɓu cikin gwangwanin madara sau 4, yashi mai laushi sau 1, da busasshiyar ciyawa cikin hannu ɗaya, a yanka ta ƙanana. Ciyawar ce ke riƙe ƙasa, kamar yadda magina ke yi. Ku zuba ruwa kaɗan-kaɗan kuna murzawa har ya yi taurin tuwo. In yana manne wa yatsa, ruwa ya yi yawa, a ƙara ƙasa. A rufe shi ya kwana. Ko hannu bai saba ba, babu komai, zai saba.

Darasi na 2: Bango da shanya

Ku sami ɗan katako mai faɗi. Ku kifa kofi a kai, ku zagaye bakinsa da gawayi. Wannan da'irar ita ce harsashi. Yara su mulmula kwaɓin kamar igiya, kaurin yatsa, a ɗora a kan layin. Sahu 3, sai a dakata awa ɗaya kafin a ƙara. Babba ne zai yanka ƙofa da wuƙa tun bango yana ɗanye.

Yanzu ku saurara da kyau. A inuwa ake shanyawa, kwana 3. Inuwa tana nufin cikin ɗaki ko zaure, inda rana ba ta leƙawa ko da hantsi. In kuka kai rana, waje zai bushe ya tsuke, ciki yana jiƙe, sai bango ya tsage. Iskar hunturu ma haka take yi, don haka daren farko a lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma. Yara za su matsa a kai rana don ya yi sauri. Ku ce musu a'a.

Ku rubuta a littafinku: A inuwa. Kwana 3. Ku sake rubutawa.

Haba jama'a, duk aji sai an kawo tsagaggen gida ana cewa ƙasa ce ba kyau. Ƙasa lafiyarta ƙalau. Gaggawa ce. Wanda nasa ya tsage ya jiƙa, ya sake kwaɓawa, ya kai inuwa.

Darasi na 3: Jinka

Ku ɗaure sillen kara 8 a sama da zare, ku baza ƙasansu, ku naɗe da ciyawa. Kada a ɗora sai bango ya yi kwana 3 ɗinsa a inuwa.

Darasi na 4: Ado

A shafa farar ƙasa. Ɓawon gyaɗa shi ne kwanon Ƙoƙi, murfin kwalba kuwa kujerar Gizo. Sauran ku bar wa yara.