Neman ganin katin da aka zubar a poka: wa ke da haƙƙi, kuma yaya ake nema

An ajiye kati na biyar a tsakiyar tebur, an gama zubi, saura mutum biyu. Ɗaya ya baje katinsa, ɗayan ya duba, ya girgiza kai, ya tura nasa a kife wajen mai rabo. Kafin mai rabo ya cusa su cikin jujin kati, wato tulin waɗanda aka zubar, sai wani ya ce yana son ya ga abin da ke ciki. A teburin Texas Hold'em, salon poka da kowa ke haɗa katinsa biyu da biyar ɗin tsakiyar tebur, ba kasafai ake samun abin da ke ɓata rai kamar wannan 'yar maganar ba. Ko za a buɗe ko ba za a buɗe ba ya dogara da abu uku: matsayinka a wannan rabon, gasa ake yi ko wasan kuɗi hannu, da kuma dokar gidan da kake zaune. Dokokin daga ɗakunan karta na gidajen cacar Amurka suka fito, amma su ake bi ko da kwabban roba kawai ake wasan, ba kuɗi.

Fara da sanin wanda ya kamata ya fara buɗewa, domin rabin rigimar daga nan take tashi. Idan an yi zubi a zagayen ƙarshe, wanda ya yi zubi ko ƙari na ƙarshe shi ne zai fara baje katinsa, sauran su biyo baya ta hagunsa. Idan ba wanda ya zuba komai, wanda ke hagun faifan rabo, wato alamar da ke zagaya tebur tana nuna wanda ke matsayin mai rabo, cikin waɗanda suka rage shi zai fara. Wanda ya ga an fi shi yana da damar ya zubar da katinsa a kife ba tare da ya nuna ba. Wanda kuma ke son cin kuɗin tsakiya da katinsa sai ya nuna duka biyun, ba ɗaya ba, ko da ɗayan bai ƙara masa komai ba. Bayan haka kati ne ke magana: abin da ke kwance a tebur shi ake karantawa, ba abin da mai shi ya faɗa da baki ba.

A wasan kuɗi hannu, tsohuwar ƙa'idar da ɗakuna da yawa suka ginu a kai tana cikin kundin Robert's Rules of Poker na Bob Ciaffone. Abin da ta tanada shi ne, duk wanda aka raba wa kati a wannan rabon, ko da ya janye tun farko, yana iya neman ganin katin da ya kai har lokacin bajewa, ko da mai shi ya zubar. Amma alfarma ce, kuma ana iya ƙwace ta daga wanda ya mayar da ita sana'a. A lura da iyakarta: katin da ya kai ƙarshe kawai ta shafa. Idan mutum ya zuba, kowa ya janye, ya ci ba tare da an amsa masa ba, babu mai ikon sa shi ya buɗe. Haka wanda ya janye a tsakiyar wasa, katinsa ya tafi ke nan.

Ga inda ya kamata ka natsu sosai. Idan mai neman ba shi ne ya ci kuɗin tsakiya ba, katin da za a buɗe matacce ne. Shi ya sa za ka ga mai rabo ya ɗauki katin biyu, ya taɓa su a jikin juji, sannan ya juya su. Taɓawar nan ita ce alamar an kashe su, komai ƙarfinsu ba za su ci ko sisi ba. Amma idan kai da ka ci ne ka ce a buɗe, to ka tayar da katin da hannunka. Naka da nasa duka sun zama rayayyu, wanda ya fi ƙarfi shi ke ɗauka.

Ɗauki misali. Kana riƙe da as da sarki. A tsakiya an fito da sarki, 8 da 3, sannan 7, sannan 6. Abokin karawarka yana riƙe da 5 da 4, duka masu alamar zuciya, kuma biyu daga katin tsakiya zuciya ne, saboda haka tun farko idonsa na kan zuciya ta biyar, don ya haɗa kati biyar masu alama ɗaya. Ba ta zo ba. Ya zuba dala 60 don ya tsorata ka, ka amsa, ka yi saurin baje sarakunanka biyu. Shi a ransa bai haɗa komai ba, sai ya tura katinsa a kife. Da ka yi shiru, mai rabo zai cusa su juji ya turo maka kuɗin. Da ka ce a buɗe, kowa zai ga 4, 5, 6, 7, 8 a jere, kuma jeri ya fi sarki biyu. Kuɗin ya koma wajensa, ba kuma wanda zai saurari ƙorafinka, don kai ka nema. Irin wannan kuskuren karatu yana faruwa, musamman bayan awa shida ko takwas a tebur, lokacin da ido ya gaji. Don haka idan ana turo maka kuɗi, karɓi abinka, kada ka saki katinka sai kuɗin ya iso gabanka.

To me ya sa aka kafa dokar tun asali? Saboda masu haɗa baki. Mutum biyu za su zauna tebur ɗaya kamar ba su san juna ba, su sa na uku a tsakiya, wannan ya ƙara, wancan ya sake ƙarawa, har sai na tsakiyar ya janye ko ya zuba abin da bai yi niyya ba. Ɗaya daga cikinsu katin banza ne a hannunsa, aikinsa kawai kumbura kuɗin tsakiya don abokinsa. Idan an san za a iya buɗe katin nan a idon kowa, dabarar ta yi wuya. Tushe ɗaya ne da dokar da ta ce a gidajen Amurka Turanci kaɗai za a yi a tebur muddin kati na hannu.

Wannan asalin ne ya sa neman yake da nauyi. Duk sanda ka ce a buɗe katin mutum, ko ka nufa ko ba ka nufa ba, kamar ka ce kana zarginsa da maguɗi ne. Idan kuma dalilinka shi ne ka koyi yadda yake wasa, kana karɓar bayani ne kyauta ta hanyar dokar da ba don haka aka yi ta ba. Mafi muni shi ne a tona katin wanda ya riga ya yi asara don a kunyata shi. Wanda aka yi wa haka yakan tashi daga tebur, ko ya ɗaure wasansa tamau, ko shi ma ya fara neman ganin naka a kowane rabo, wasa ya koma jan ƙafa. Saboda irin wannan ne ɗakuna da dama suka matse dokar: wasu sun ce sai wanda ya kai ƙarshen rabon, wasu sun ce sai an kira mai kula da ɗaki an faɗi dalilin zargi. A ganinmu matsewar nan daidai ce.

A gasa lamarin ya fi tsari. Ƙungiyar daraktocin gasa ta TDA, wadda Matt Savage, Linda Johnson, Jan Fisher da David Lamb suka kafa a 2001, ita ce ke da ƙa'idojin da gasanni da yawa a duniya ke bi. A ƙarƙashinsu, wanda ba ya riƙe da kati lokacin bajewa, ko ya zubar da nasa a kife, ba shi da bakin neman ganin na kowa. Idan an yi zubi a zagayen ƙarshe, wanda ya amsa yana da cikakken haƙƙin a nuna masa katin mai zubin ƙarshe, tunda shi ya biya don ya gani, da sharaɗin nasa katin yana hannunsa ko ya baje shi. Sauran buƙatu, kamar ganin katin wani da shi ma amsawa ya yi, ko a rabon da ba a zuba komai a ƙarshe ba, suna hannun daraktan gasa. Kuma da zarar wani ya zuba duk abin da ke gabansa, aka gama zubi, dole kowa ya baje katinsa nan take. Wannan ya toshe hanyar da wani zai miƙa wa abokinsa kwabbansa da gangan ya ɓoye katin. Abu ɗaya kuma da 'yan gasa ke mantawa: tura kati a kife ba ya kashe shi. Muddin ana iya gane shi ba tare da shakka ba, mai shi na iya janyo shi ya baje. Sai mai rabo ya cusa shi juji ya mutu.

Idan da gaske kana zargin haɗa baki, ga yadda ake yi. Yi magana da wuri, kafin katin ya shiga juji, domin da ya cakuɗe da sauran babu mai iya rantsuwa a kan wanne ne. Da mai rabo za ka yi magana, ba da ɗan wasan ba: ka ce ya riƙe katin nan, a kira mai kula da ɗaki. Kada hannunka ya taɓa katin wani ko juji, wannan laifi ne da ke jawo hukunci ko da zarginka gaskiya ne. In mai kula ya zo, faɗi abin da idonka ya gani, misali sau uku su biyun nan suna yi wa juna ƙari idan akwai na uku, amma idan su kaɗai suka rage ba sa zuba komai. Sau da yawa ma ya fi kyau ka tashi ka same shi a gefe. Yana iya duba katin shi kaɗai, yana iya sa a bi kyamarorin ɗakin, kuma zai ga har abin da dokar buɗewa ba ta kamawa, wato wanda ya yi ta ƙari sannan ya janye kafin ƙarshe.

Akwai ƙa'ida makusanciya da ake yawan haɗa ta da wannan: in ka nuna wa ɗaya, ka nuna wa kowa. Idan bayan rabo ka leƙa wa maƙwabcinka katinka, kowa a tebur na da haƙƙin ya gani, kuma neman haka ba zargi ba ne, ba kuma rashin ladabi ba. Mai rabo zai riƙe katin ya juya shi. Idan ba ka son a gani, tura shi a kife kai tsaye, ƙasa-ƙasa, kada ka wurga shi sama ya juye.

A intanet yawancin manyan shafuka suna rubuta katin duk wanda ya kai bajewa a tarihin rabon, ko da ya zubar, shi ya sa waɗanda suka saba can sukan ɗauka haƙƙinsu ne a kowane tebur. Ba haka ba ne. Idan ka shiga sabon ɗaki, tambayi mai kula dokar gidan kafin ka zauna. Idan kuma wasan gida ne tsakanin abokai, inda babu mai kula babu kyamara, ku yanke magana kafin rabon farko: wa zai iya nema, sau nawa a zama ɗaya, kuma katin da aka buɗe rayayye ne ko matacce. Mafi sauƙin riƙewa shi ne a ɗauki ta TDA, wato wanda ya amsa zubin ƙarshe kuma katinsa na gabansa shi kaɗai zai nema, kuma katin mai zubin kawai za a buɗe masa.