Yadda za ka duba injin mota mai haɗa fetur da batir kafin ka biya kuɗi

Masu sayen Prius ko Camry ta hayibirid a Abuja kan tattara hankalinsu kan babban batir, su manta cewa akwai injin fetur a gaba. Shirun motar ne ke ruɗar mutane: ka danna maɓalli, READY ta fito a allo, ba ƙara, sai ka ɗauka komai lafiya.

Ka je da sassafe, ka gaya wa dila kada a tayar da ita kafin ka iso. Taɓa injin da hannu. In ka ji ɗumi, ka dawo gobe. Tayar da ita, ka jira injin fetur ya kama da kansa. Idan ya yi jijjiga da ƙwanƙwasa na ɗan lokaci sannan ya lafa, musamman a Prius ta 2010 zuwa 2015, ka yi zargin gasket ɗin kan inji, shimfiɗar da ke hana ruwa da mai tsallakawa, ya fara zubar da ruwa cikin silinda. Toshewar EGR, bututun da ke mayar da hayaƙi cikin inji, kan jawo haka. Duba ruwan sanyaya inji, tulu biyu ne a nan: na inji da na inbata, na'urar da ke sarrafa wutar batir. Na Toyota ruwan hoda ne. In ka tarar da ruwan famfo ko tsatsa, ka san irin hannun da motar ta zauna.

Buɗe murfin baƙin mai ka haska ciki. Dasƙararren mai kamar kwalta na nufin an daɗe ana tsallake canji, kumfa mai launin shayi da madara kuwa ruwa ne ya shiga. Tambayi wane mai ake zubawa. Injin 1.8 na Prius 0W-20 yake so, amma wasu garejin 20W-50 suke ɗura wa kowace mota. Injin 2.4 na Camry ta 2007 zuwa 2011 ya yi suna wajen shan mai, don haka ja geji, ka kuma leƙa salansa ko da shuɗin hayaƙi.

Kada lissafin tafiya ya ruɗe ka. Motar Amurka mil take ƙirgawa, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, kuma ana juya lambar baya. Lambar VIN mai haruffa da alƙaluma 17 za ta fito maka da tarihinta a Carfax, shafin intanet mai ajiye tarihin motocin Amurka: hatsari, ambaliya, da lissafin da ta baro can da shi. Wadda aka yi haya da ita a cunkoson Nyanya da Mararraba da iyakwandishan a kunne, injinta ya yi aikin da allon bai nuna ba.

Batir kuwa, ka zo da makaniken hayibirid naka daga Apo, ba na dila ba, ya sa kwamfuta. Batirin Prius ta 2004 zuwa 2015 ƙwaya 28 ne, kwamfuta na karanta su bibbiyu, layi 14. Layin da ya faɗi ƙasa da 'yan'uwansa shi ne mai rauni. Lambar matsala P0A80, in ta fito a kwamfuta, na nufin batirin ya gaji. In kwamfuta ta nuna ba a daɗe da goge lambobin matsala ba, tambayi dalili. A titin filin jirgi ka taka ta sosai: gejin batir da ke cika da sauri ya zube da sauri alamar tsufa ce. Sa a buɗe fankar batir da ke wajen kujerar baya, ƙurar hunturu na toshe ta, zafi kuma shi ke kashe ƙwayoyin. Wayoyi masu ruwan lemo wuta ce sama da bolt 200, ka bar wa makanike su.