Kurakuran da sabbin 'yan wasan kwaikwayo ke yi da jikinsu

Na gaji da maimaita magana ɗaya duk lokacin da sabbin yara suka shigo ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo a nan Zariya. Ko daga Tudun Wada yaro ya fito, ko Sabon Gari, ko cikin birni, abin ɗaya ne: ka ce masa ya nuna baƙin ciki, sai ya yamutsa fuska ya turo baki, amma daga wuyansa zuwa ƙafa yana tsaye ƙiƙam kamar mai jiran motar Samaru.

Wannan shi ne kuskure na farko, ɗora wa fuska dukkan aiki. Mai kallo yana karanta kafaɗa da baya da hannu da taku, sau da yawa kafin ma ya kai ga fuska. A shekarar 2012 Hillel Aviezer da abokan aikinsa sun buga wani bincike a mujallar Science. Sun nuna wa mutane hotunan 'yan wasan tanis a daidai lokacin da suka ci ko aka ci su. Waɗanda aka nuna wa fuska kaɗai sun kasa bambance mai murna da mai takaici, waɗanda suka ga jiki kuwa sun gane. Da aka ɗora fuskar wanda aka ci a kan jikin wanda ya ci, sai mutane suka bi jikin. Mu nan ma mun san haka. A hawan Sallah amawali ya rufe bakin mai sarauta, amma daga yadda ya zauna a kan sirdi da yadda ya ɗaga hannu ya karɓi jinjina kowa ya san halin da yake ciki. Sannan wanda ya zauna a layin baya, a zauren makaranta ne ko a buɗaɗɗen dandali irin na Jami'ar Ahmadu Bello, ina zai ga motsin girarka?

Maganin da nake yi shi ne in sa a rufe fuskar ɗan wasa da gyale, ko ya juya mana baya, ya yi abin da zai yi ba tare da magana ba. Idan sauran ba su faɗi halin da yake ciki ba, ya sake. Wasu masu horarwa sun fi son madubi. Ni ba na bari a shigo da shi wurin atisaye, domin da zarar yaro ya ga fuskarsa ya manta da sauran jikin.

Kuskure na biyu shi ya fi ƙona mini rai, wato rashin sanin saurin da ya dace da kowane hali. Mun taɓa shiga wata gasa bayan watanni muna shiri. Akwai wurin da ake zuwa a faɗa wa uwa ɗanta ya rasu. Yarinyar da ke wasan uwar ta ga zaure ya cika, sai ta ƙara gishiri: ta zabura da gudu, ta faɗi tim, tana birgima tana watsa hannuwa. Zauren gaba ɗaya ya fashe da dariya. Duk abin da ya biyo baya ba wanda ya saurara, gasar ta kuɓuce mana, ita kuma ta fita tana kuka na gaske, ba ta sake dawowa wasa ba. Yarinya ce mai baiwa, har yau rashinta yana damuna.

Ku da kuke wannan birgimar, a wane gidan rasuwa kuka gan ta? Ku je ku zauna ku lura. Uwa idan labari ya same ta gwiwa ce ke fara saki. Za ta zame ta zauna a inda take, ta ɗora hannu a ka, gyale ya sulale ba ta gyara ba, bakinta na salati. Namiji yakan nemi bango ya jingina yana maimaita Innalillahi, idan ya tashi tafiya ƙafarsa ja take yi. Komai ya yi nauyi, komai ya yi sanyi. Ko inda aka yi kururuwa, jikin zubewa yake yi, ba tsalle ba.

Masu bincike sun auna wannan. Tun 1973 Gunnar Johansson a ƙasar Suwidin ya liƙa ƙananan fitilu a gaɓoɓin mutum ya ɗauki hotonsa cikin duhu, masu kallo suka gane mutum ne ke tafiya daga motsin ɗige-ɗigen hasken kawai. A 2001 Frank Pollick da abokansa a Gilasgo suka yi amfani da irin wannan dabara a kan hannun mai ƙwanƙwasa ƙofa da mai shan ruwa. Motsi mai sauri da fizga sai mutane su ce fushi ne ko zumuɗi, mai jan lokaci kuma su ce gajiya ce ko baƙin ciki. Saboda haka nake ajiye buta a tsakiyar fili in ce kowa ya ɗauka ya kai bakin ƙofa, da farko cikin fushi, sannan cikin murna, sannan a matsayin wanda aka yi wa rasuwa jiya. Kullum sai wani ya ce, "Malam, ai abu ɗaya muke ta yi." To ai shi ne kuskuren da muke gyarawa.

Na uku, aro motsi daga fina-finan waje. Ɗa ya tsaya gaban mahaifinsa ya zuba masa ido wai yana nuna gaskiyarsa. A wurin Bahaushe wannan fitsara ce, kuma haka masu kallo za su ɗauka. Sunkuyar da kai a gaban suruki kunya ce da ladabi, a gaban alƙali kuma ana iya ganinsa alamar rashin gaskiya, don haka dole ka san gaban wa kake. Muna da namu da yawa: tagumi, riƙe baki don mamaki, tafa hannu, cizon yatsa, noƙe kafaɗa, riƙe ƙugu. Ku yi aiki da su, amma ɗaya a lokaci guda. Na sha ganin an haɗa tagumi da cizon yatsa da kaɗa kai a cikin jimla ɗaya.

Sauran ƙanana ne. Kada jikinka ya mutu don ba kai ke magana ba, ana kallon mai sauraro kamar yadda ake kallon mai magana. Kada ka fara wasa sai ka iso tsakiyar dandali, daga bakin labule ake shigowa da hali. Wanda zai sa babbar riga ya yi atisaye da ita, domin naɗe hannunta kaɗai yana nuna ko isa ko fushi. Kuma a daina kawo mini lissafin nan na cewa kalmomi kashi 7 ne kawai cikin 100 na saƙo, jiki kuma kashi 55. Daga gwajin Albert Mehrabian na 1967 ya fito, a kan kalma guda ce da ta saɓa da murya ko fuska, kuma kashi 55 ɗin da ake jingina wa jiki na fuska ne. Bai ba kowa uzurin ƙin haddace layinsa ba.