Yadda za ka rubuta operar farko da mawaƙi zai iya rerawa

Idan kana da niyyar rubuta opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da kiɗa a kan dandamali, kada ka fara da makaɗa. Fara da maƙogwaron da zai ɗauki waƙar. Aikina shi ne zama gaban piyano ina bita da mawaƙa kafin ranar wasa, kuma sababbin ayyukan da suka fi wahalar da mu ciwonsu ɗaya ne: mai tsara kiɗan ya rubuta wa murya abin da ya dace da goge. Goge ba ya numfashi, ba ya furta baƙi da wasali, ba ya kuma gajiya a tsakiyar wasa.

Ka ƙanƙanta aikin tun daga farko. George Benjamin, mai tsara kiɗa ɗan Ingila, ya daɗe da yin suna kafin ya taɓa opera, amma da ya tashi yi a 2006, mawaƙa biyu ya ɗauka da makaɗa 15, aka gama cikin ƙasa da awa ɗaya. Sai a 2012 ya fito da babbar operarsa, Written on Skin, a bikin Aix-en-Provence na Faransa. Kai ma muryoyi biyu ko uku sun ishe ka, da minti 20 zuwa 40. Irin wannan ne ake samun mai ɗaukar nauyinsa, shi ne kuma ake iya sake nunawa a wani gari.

Daga nan ka nemi wanda zai rubuta maka kalmomi. John Adams ya yi da Alice Goodman a Nixon in China a 1987, Kaija Saariaho ta yi da Amin Maalouf a operarta ta farko a 2000, Benjamin kuwa da Martin Crimp. Ka faɗa wa marubucinka tun ba a je ko'ina ba cewa za a yi yanka mai yawa. Jimlar da ɗan wasa zai faɗa ya wuce, mawaƙi sai ya ja ta ninki uku ko huɗu. Da Brett Dean da Matthew Jocelyn suka mayar da Hamlet opera a 2017, mafi yawan kalmomin Shakespeare zubar da su suka yi. Duk layin da ke bayyana abin da ke zuciyar mutum, ka tambayi kanka ko kiɗa zai iya faɗarsa. In zai iya, soke layin. In kuma labarin wani marubuci za ka ɗauka, ka samu izini a rubuce kafin ka sa alƙalami.

Kalmomin da suka rage, ka karanta su da babbar murya kana tafe a ɗaki har sai ka ji inda magana ke hawa da inda take sauka. Leoš Janáček, mai tsara kiɗan opera ɗan ƙasar Czech, yakan yi yawo da ɗan littafi yana rubuta karin maganar mutane a sautin kiɗa, kuma har yau ban ga horon da ya fi wannan amfani ba. Gaɓar da ake dannawa a magana ita za ta hau sauti mai tsawo ko mai ƙarfi. In ka juya, mai sauraro zai ji kalmar amma ba zai gane ta ba.

Wasali kuwa shi ne inda aka fi yin ɓarna. Idan sofirano, wato mawaƙiyar da muryarta ta fi tashi sama, ta haura can sama, dole ta buɗe baki sosai, sai kusan kowane wasali ya koma kamar "a". Ka ɗora mata "i" ko "u" a ƙololuwa, ko dai ta sauya wasalin ko ta shaƙe sautin. Saboda haka kalmar da labarin ya rataya a kanta, kamar suna ko amsar tambaya, ka sa ta a tsakiyar murya inda ake jin komai sarai. Ka bar sama don lokacin da an riga an san abin da ya faru, kuka ko murna kawai suka rage.

Ka san mawaƙanka ido da ido. Ka gayyaci kowa shi kaɗai, ka sa ya rera abin da ya fi so, ka tambaye shi inda muryarsa ke hutawa da inda take ciwo. Masu farawa sukan tambayi iyakar sama da iyakar ƙasa kawai, alhali abin da ke cinye mawaƙi shi ne wurin da ka zaunar da shi na tsawon lokaci. Kowace murya tana da mahaɗa inda take sauya zango. Ta teno, wato namijin da muryarsa ke tashi sama, tana wajen sautukan da ake kira E zuwa F mai ƙari. Wucewa ta wurin ba komai ba ne, amma ka ajiye shi a can shafi uku yana furta kalmomi da sauri, kafin ƙarshen wasa muryar ta tafi. Mai tsara kiɗa Thomas Adès ya rubuta wa mawaƙiya Audrey Luna wani sautin A na can ƙololuwa, wanda ta rera a Metropolitan Opera ta New York a 2017. Ya yi haka ne don ya san tana da shi. In ba ka da irinta a hannu, kada ka kwaikwaye shi.

Akwai abu biyu da nake roƙon kowane mai tsara kiɗa. Na farko, wurin numfashi. Duba takardar kowace mawaƙiya bayan mako ɗaya, za ka ga ƙananan alamu da fensir a saman layi, kowace ɗaya wurin shaƙar iska ce. In ba ka tanadar mata ba, za ta sata a tsakiyar kalma. Ka rera kowane layi da kanka, ko da muryarka ba ta da daɗi, in ka sarƙe to ita ma za ta sha wuya. Na biyu, ka ba ta sautin da za ta shiga da shi. Mafi yawan mawaƙa daga abin da suka ji suke kamo sautinsu. Na sha ganin mawaƙiya tsaye, ganguna na ta rugugi, idonta a kan madugun makaɗa, leɓenta na motsi tana neman sautin da babu mai kaɗa shi. Sarewa ɗaya ta busa shi a hankali kafin shigarta, magana ta ƙare.

A opera ta al'ada ba a amfani da makirufo. Horarriyar murya tana da wani amo a wajen hez 3,000, wato girgizar sauti sau 3,000 a daƙiƙa ɗaya, da ke ratsa kiɗa, abin da Johan Sundberg na Suwidin ya yi bincike a kai, amma wannan ba zai ceci mai rerawa a ƙasan muryarsa ba idan kakaki na busa a kansa. Inda magana ke da muhimmanci, rage makaɗa. Ka sake su a tsakanin jimloli.

Kafin ka raba wa makaɗa kiɗa, ka shirya gwaji da piyano da muryoyi kaɗai. Ka aika wa mawaƙa takardunsu da watanni a gaba, domin su haddacewa suke yi, makaɗa kuwa karantawa. Ranar gwajin ka gayyato mutum biyu da ba su taɓa ganin kalmomin ba, ka zaunar da su a kujerun baya da takarda, su rubuta abin da suka ji. Ka kwatanta da rubutunka. Duk layin da ya ɓace musu, ka duba wasalinsa da tsayinsa da saurinsa, ka gyara shi a daren nan, ka kai wa mawaƙiyar sabon shafi kafin ta haddace tsohon.