Yadda Ake Shirya Darasin Ɗanɗanon Abinci a Ajin Nazare

Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 yakan ƙi abincin da bai saba da shi ba tun kafin ya kai shi baki, kuma sau da yawa sai an gabatar masa da abu ɗaya sau 10 ko fiye kafin ya karɓa. Saboda haka manufar wannan darasi ita ce sabo, kuma malama ta cire rai da ganin an cinye abin da ta kawo.

Kafin ranar, a tambayi iyaye ko akwai abincin da jikin ɗansu ba ya karɓa, musamman gyaɗa, madara, ƙwai, kifi, riɗi da alkama. A cire ƙwallon dabino, a gurza ɗanyen karas ko a dafa shi, sannan a bar gyaɗa mai ƙwaya da magarya a gida, domin suna iya shaƙe yaron da bai kai shekara 5 ba. Kowa ya wanke hannu da sabulu, kowa da cokalinsa, kuma a zaune za a ci.

Abinci kala 3 ya isa zama ɗaya, kowanne ɗan yanki kamar kan yatsa. Kankana ko gwanda za su wakilci zaƙi, ruwan tsamiya ko nono su wakilci tsami, gauta kuma ɗaci. Kada a fara da baki. A bar yara su kalli launi, su taɓa, su shinshina, su saurari ƙarar kokwamba idan an gatsa. Wannan tsari na amfani da dukkan gaɓoɓin ji shi ne wanda wani masani ɗan ƙasar Faransa, Jacques Puisais, ya fara a shekarun 1970, makarantun ƙananan yara na Finland da Sweden suka ɗauka daga baya, kuma ƙa'idarsa ita ce yaro yana da damar ƙin ɗanɗanawa. Wanda ya lasa ya tofar a takarda ma ya yi darasi.

A ganina, wurin da malamai suka fi yin asara shi ne tambayar "da daɗi?", wadda amsarta ba ta wuce e ko a'a. Hausa tana da kalmomin da ya kamata yaro ya mallaka: baurin ayabar da ba ta gama nuna ba, garɗin dafaffen dankali, lamin miyar da ba gishiri, yaji, da ɗanɗanon daddawa, wanda masana ke kira umami. Malama ta ɗanɗana a gabansu, ta ce, "Yara, ni na ji tsami, ku fa?" Daga nan sai ta sa su toshe hanci su ci yankin mangwaro, su saki, su faɗi abin da ya sauya, tunda yawancin daɗin abinci ta hanci yake shiga.

Bayan mako ɗaya a sake kawo gautar nan da aka yamutsa wa fuska, wannan karon a dafe.