Shawara ga likitocinmu da ke asibitocin ƙauye

Salam 'yan uwa, musamman ku da aka tura Epe, Badagry da ƙauyukan bakin ruwa na Ibeju-Lekki a jihar Legas. Don Allah kar ku jira sai Disamba ta kama sannan ku fara neman makin CPD (makin da likita ke samu in ya halarci kwas ko wokshop na ƙaro ilimi), kun dai san MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya, na son maki 20 a shekara kafin a sabunta lasisi, kuma likitan ƙauye shi kaɗai ne a asibiti, in ka tafi wokshop a Ikeja waye zai karɓi haihuwar dare?

Abin da nake yi, duk ran da na shigo Agege gaida iyali nakan zauna inda netwok ke da ƙarfi in sauke lakcoci a waya, in na koma sai in dinga kallo bayan isha'i lokacin da janareta ke aiki. Satifiket kuwa ina samu nake ɗaukar hotonsa in tura wa kaina a imel, don damina ta taɓa jiƙa min fayil guda a cikin kwale-kwale, wallahi har yau abin na min ciwo.

Kuma kafin ka biya kuɗin kowane kwas, fara tambaya ko MDCN ta amince da masu shirya shi.