Shawara ga mai niyyar zuwa Moroni

Ƴan'uwa na Damagaram, mai sha'awar ganin teku da cin kifi sabon kamu ya gwada Moroni, babban birnin tsibiran Komoros, domin mutanen can Musulmi ne kuma ana jin Faransanci. Daga Yamai ana bi ta Adis Ababa, kuma ya fi dacewa a je tsakanin Mayu da Oktoba, kafin daminarsu ta sauka. Ku canza Sefa zuwa Yuro tun daga gida. Idan kun je gaɓar da ke gaban tsohon masallacin Juma'a wajen masunta, ku duba idon kifin ya kasance garau kafin ku biya, tunda mu da busasshe muka fi sabawa. Dutsen Karthala kuwa, mai tsayin mita 2,361, don Allah kada ku hau shi ba tare da ɗan jagora ba.